Jawabi Kan Tantance Binciken Ilimi Kafin a Buga Shi



A ce ɗanmu malami ya rubuta bincike kan yadda rufe masaƙar KTL ta Kakuri a 2002 ya shafi karatun 'ya'yan ma'aikata. Mujallar ƙwarai ba za ta buga shi nan take ba. Edita zai cire sunan marubucin, ya aika wa masana biyu ko uku, su ma a sakaya sunayensu, don kada sanayya ta shiga. Za su tambaya: makarantu nawa ya ziyarta a Kakuri da Makera? Yaya ya zaɓe su? Rajistar ɗalibai ya duba, ko jita-jita ya tara? Alƙalumansa sun tabbatar da abin da ya faɗa?

Laifi tudu ne, shi ya sa marubuci ke bukatar idon wani. Sai dai akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga. Kada ƙungiyarmu ta gina aji ko ta raba tallafin karatu bisa irin wannan takarda. Ku kuma malamanmu, in masana suka dawo muku da aiki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.