Jawabi Kan Tsarin Mulki da Ƙasar Kiwo: Darasi Daga Sudan



Yau za mu duba ƙasar Sudan, inda 'yan'uwanmu Fulani da Hausawa suka daɗe da zama, tun ma kafin yaƙin Burmi na 1903 da kafa garin Mai Wurno. Dabbobin da suka sa kasuwar Muwailih ta Umdurman ta yi suna, daga Darfur da Kordofan aka riƙa koro yawancinsu. Amma dokar da ke hukunta ƙasar da suke kiwo, a Hartum ake rubuta ta.

A watan Disamba 1955, majalisar Hartum ta amince da 'yancin kai, ta kuma yi wa mutanen Kudu alkawarin za a duba buƙatarsu ta tarayya, wato a raba iko tsakanin yankuna. Aka sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956 da tsarin mulki na wucin gadi. Ba a cika alkawarin ba. A 1958 Janar Abbud ya jingine tsarin mulkin, a 1969 kuma Numairi ya karɓe mulki.

To, ina ruwan makiyayi? A 1970 aka kafa doka cewa duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Wane makiyayi ne ke da takardar burtali ko ta mashaya? A 1971 aka soke ikon sarakunan gargajiya, waɗanda ke sasanta manomi da makiyayi, su tsara lokacin wucewar garke. Manyan gonakin tarakta a Gadarif da Habila suka ci burtali da dama. Tsarin mulkin 2005 ya tanadi hukumar ƙasa da za ta duba haƙƙin gado, amma ba a kafa ta ba. Da Kudu ta ɓalle a 2011, wuraren cin rani da yawa suka koma ƙetaren iyaka.

'Yan'uwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijeriya ma dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma yawancin makiyayun da aka keɓe bisa dokar Jihar Arewa ta 1965 ba a tabbatar da su a doka ba.

Saboda haka muna kira ga kowane Ardo: a auna burtali, a kafa duwatsun iyaka, a nemi takarda. Duk lokacin da ake gyaran tsarin mulki, mu aika da wakilai su nemi a bar maganar ƙasa kusa da masu ita, inda za mu iya zuwa a saurare mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci dukiyarmu. Wassalam.