Tufar da Ba Ta Ɓata Ƙasa



A yau ƙasashen duniya suna ta taro kan yadda za a yi tufafi ba tare da an ɓata ƙasa da ruwa ba. Mu kuwa mutanen ƙasar Katsina, daga Kaikai da Kusada har Kankiya, wannan gado ne muka taras. Audugarmu ruwan sama take sha, ba kamar ta tsakiyar Asiya ba, wadda ban-ruwanta ya ƙafar da yawancin Tekun Aral tun daga shekarun 1960. Iyayenmu mata su gurje ta, su kaɗa zare, anguryar a ba shanu. Marini kuwa, irin na Ƙofar Mata a Kano, baba da toka ne kayan aikinsa. Ko katsin da ya kwanta a gindin karofi ba a zubarwa. Ƙona shi ake yi, a haɗa laso, a shafe soro.

To, yau fa? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Kasuwanninmu sun cika da gwanjo da yadin roba, wanda daga man fetur ake yinsa. In ya tsufa ba ya ruɓa, sai dai ya toshe kwata, ko ya kwanta a gona.

Maganin yana aljihunmu, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Kowace salla mu ɗinka saƙi ko rinin gida, ko da riga ɗaya ce, in ta yage a banke ta. Masaƙi ba ya koya wa ɗansa sana'ar da ba ta da mai saye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.