Jawabin Rufe Ajin Koyon Ɗaukar Hoto

 Mun gode da kuka bar aikin gona kuka zo. Yau muke rufe ajin koyon ɗaukar hoto da muka yi wata 3 muna gudanarwa. Kafin ku zagaya ku duba hotunan da ke jikin bango, muna so mu ba ku labarin ɗaya daga cikin ɗalibanmu. Ba za mu faɗi sunanta ba, domin tana da kunya.

Ranar da ta fara zuwa, ba ta taɓa riƙe kyamara ba. Hotunanta na farko sun ba ajin dariya. Wani ta yanke masa kai, wani kuma fuskarsa ta fito baƙi ƙirin. Mahaifinta ya zo ya same mu ya ce, “Malam, wannan ɓata lokaci ne, gara ta koma gida ta taya uwarta aiki.” Muka roƙe shi ya ƙara mata wata ɗaya. Ya yarda, amma ba da son ransa ba.

Abu na farko da ta koya shi ne duba haske. Kyamara ba ta ganin komai sai hasken da ya shiga ta gilashinta. Idan rana tana bayan mutum, fuskarsa za ta yi duhu. Idan tsakar rana ce, inuwa takan kwanta a idanunsa. Sai ta riƙa fita da sassafe da kuma la'asar, lokacin da hasken yake da laushi. In ya zama dole da rana, sai ta kai mutum inuwar mangwaro. Ta koyi goge gilashin kafin ta fara, ta manne gwiwar hannunta a jikinta domin kada hoton ya girgiza. Ta kuma gane cewa gara ta tako kusa da ƙafarta da ta jawo hoton daga nesa, gama jawowa a waya yana rage masa kyau.

Darasi na biyu ba a aji ta koye shi ba. Wata ranar kasuwa ta ɗauki wata tsohuwa mai sayar da daddawa ba tare da ta tambaye ta ba. Tsohuwar ta ce, “'Yar nan, ba a koya miki gaisuwa a gidanku ba?” Ta dawo da hawaye. Kashegari ta koma, ta durƙusa ta ce, “Kaka, ki yafe mini.” Suka zauna suka yi hira, sa'an nan tsohuwar da kanta ta gyara ɗankwalinta ta ce a ɗauka. Hoton nan ne ke kusa da ƙofa. Tun daga ranar, dokar ajinmu ita ce: a gaisa, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa.

Kada mu ɗauka cewa abin da ke ƙauye bai isa a ɗauka ba. Wani ɗan ƙasarmu, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya sayi ƙaramar kyamararsa ta farko a 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna wajen 1,000. Ya rasu a 2014, amma an nuna aikinsa a manyan biranen duniya. Da ɗalibarmu ta ji haka, sai ta soma ɗaukar rumbunan unguwarsu, da mata wajen sussuka, da hannuwan mahaifinta yana saƙar zana.

Makon jiya mahaifin nan ya ga hoton hannuwansa. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tambaya ko za a wanke masa ɗaya. Lalle gani ya kori ji.

Roƙonmu ga iyaye shi ne ku yi haƙuri da mai koyo. Kada ku yanke hukunci a kan hoton farko. Ku ara wa yaran waya idan sun roƙa, ku zauna su ɗauke ku, musamman ku tsofaffi, domin jikokinku su san fuskokinku. Ku kuma ɗalibai, ajin ya ƙare, amma koyo bai ƙare ba.

Yanzu sai ku tashi ku duba aikin 'ya'yanku.