TARAR GUDUN MOTA: DOKA CE KO HARAJI?

Laccar da magatakardan jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi a taron reshe.

Iyayena da 'yan'uwana talakawa, maganar yau a kan dokar gudun mota ce. Kada wani ya fita nan ya ce jam'iyyarmu na goyon bayan tuƙin ganganci. Wanda mota ke bankewa a bakin kasuwa ai namu ne, mai talla ko ɗan dako. Doka wajibi ce. Abin tambaya shi ne, in an ci direba tara, aljihun wa kuɗin ke shiga?

Zan kai ku Amurka, domin can an gwada abin har ƙarshensa. A 1974 gwamnatin tarayyarsu ta ɗora wa ƙasa duka iyakar mil 55 a awa saboda ƙarancin mai. A 1995 ta janye hannunta, kowace jiha ta koma yanka nata. Ƙarƙashin jiha kuwa, majalisar gari na da ikon kafa dokokin titunanta, da 'yan sandanta, sau da yawa har da kotunta. To, ku dubi wannan tsari da kyau: gari ne ya sa doka, shi ya kama, shi ya yi shari'a, tarar kuma ta faɗa baitulmalinsa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A Jihar Mizuri akwai wani ƙauye, Maks Kirik, mutanensa ba su kai 300 ba, amma babbar hanya ta ratsa ta cikinsa. Sai mahukuntansa suka mai da hanyar gona. Fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar garin daga tarar matafiya ya ke fitowa. Da abin ya yi yawa, a 1995 majalisar jiha ta kafa doka cewa kada tarar hanya ta wuce kashi 45 cikin 100 na kuɗin shigar kowane gari, rarar kuwa a ba makarantu. Me ya faru? Garin ya talauce, a 2012 mutanensa suka jefa ƙuri'a aka rushe majalisarsa. Watau da ma ba ta da wata sana'a sai tare hanya.

Wannan ya taɓa baƙi ne masu wucewa. Na garin Fagusan ya fi muni, don 'yan gida a ke tatsa. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fito da rahoton bincikenta, ta tarar garin na sa ran samun kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗinsa daga tara, manya kuma na matsa wa 'yan sanda su ƙara kamu. A lokacin, baƙaƙen fata kashi 67 ne na mutanen garin, amma kashi 85 na motocin da a ke tsarewa nasu ne. Wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007, ba ma don gudu ba, don ajiye mota inda aka hana, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, sa'an nan bayan shekara bakwai ana binta dala 541. Mai kuɗi ya biya ya wuce abinsa. Talaka ya kasa, a ƙara masa, ya kasa zuwa kotu, a ba da sammacin kama shi.

A shekarar nan ta 2015 jihar ta sāke gyara. Ta rage rabon gari zuwa kashi 20, ta ce tarar ƙaramin laifin hanya kada ta wuce dala 300, ta kuma hana ɗaure mutum a kansa.

Mu ma nan muna da hukumar kiyaye haɗura ta tarayya tun 1988, jihohi kuma sun kafa nasu ma'aikatan hanya. Saboda haka ga abin da za mu aika wa wakilanmu su nema a majalisa. A kafa allon iyakar gudu inda direba zai gan shi tun daga nesa. Kowace tara a ba da rasit. A buga jimlar abin da aka tara kowace shekara kowa ya karanta, kuma kada a ɗora wa ma'aikaci adadin kuɗin da zai kawo. Duk mai rasit na tara a gida, ya kawo ofishin reshe ranar kasuwa mu rubuta. Wassalam.