Samanja a Kan Faifai

Shekaranjiya na sake kallon faifan Samanja Mazan Fama, wasan marigayi Usman Baba Pategi da gidan talabijin na Kaduna ya daɗe yana nunawa. Tsohon soja ne, shi ya sa tsawarsa ba ta kwaikwayo ba ce. Hausar barikinsa kuwa, duk wanda ya saba tsayawa a shingen masu kaki kan hanyar Kamba zai gane ta nan take, ya yi dariya har da hawaye.

Faifan ne ke ci mini rai. Hoto ya dushe, murya tana shaƙewa. Labarin ma yakan maimaitu: kurtu ya yi laifi, Samanja ya daka tsawa. Tun rasuwar Pategi a 2023 nake neman kwafi mai kyau da zan nuna wa jikokina.