Sabuwar Sana'a Tana Bukatar Raino: Jawabi Ga Matasa Manoma Da Iyayensu

 

Abin da ya tara mu yau shi ne zancen 'ya'yanmu da ƙannenmu. Kowace shekara, da an gama girbi a Jabo da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, sai samari su tafi ci-rani Legas ko Ibadan. Wasu sukan dawo da ɗan abin hannu, wasu kuwa sai ciwo da bashi. In an tambaye su dalilin tafiya, amsar ɗaya ce: babu jari. Gaskiya ne. Amma mu da muke aiki da manoma mun ga cewa jari kaɗai ba ya tsayar da sana'a. Sai an haɗa da raino.

Kun san yadda ake yi da ƙwan zabi. Akan sa wa kaza ta kwanta masa kusan kwana 28, ta kuma ja 'ya'yan har su iya kiwo da kansu. Haka rainon sana'a yake: a sa matashi a hannun wanda ya ƙware, ya koya yana yi, har ya tsaya da ƙafarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1985 wani Fada ɗan Najeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa Cibiyar Songhai a Porto-Novo, a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin. A can matasa suna zama cikin gona suna koyon noma da kiwon kaji da kifi a haɗe, kashin dabba ya zama taki, ba abin da ake zubarwa. A 2012 kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara horar da matasa masu bautar ƙasa su mai da noma kasuwanci. A nan gida, shirin CASP na asusun IFAD ya yi aiki a jihohi 7 na arewa, har da Sakkwato da Kebbi, ya kuma horar da matasa kan sana'o'in gona.

Akwai kuma darasi a kusa da mu. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. An noma shinkafa sosai, amma da yawa daga cikin bashin bai dawo ba. Rance in ba lissafi, nauyi yake zama.

To, mene ne rainon ya ƙunsa? Abu huɗu ne.

Na ɗaya, malami. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya daɗe yana noman albasa ya san lokacin dashe da lokacin da za a daina ban ruwa.

Na biyu, wurin gwaji: ɗan fili a fadama, ko akurki, ko rumbu.

Na uku, littafin lissafi. A rubuta kuɗin iri, taki, man inji, ƙwadago da mota. Wanda bai san abin da ya kashe ba, ba zai san ribarsa ba.

Na huɗu, kasuwa. A san mai saye tun kafin a shuka.

Ku lura, sana'ar gona ba ta tsaya a kan fartanya ba. Lokacin cirar albasa kasuwa takan cika, farashi ya faɗi, bayan 'yan watanni ya tashi. Matashin da ya iya shanya ta ya adana a rumbu mai shan iska, nesa da laima, ya sami sana'a, ga kasuwar Aliero ba nisa. Haka wake: buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an ɗaure shi da kyau. 'Yan mata kuma ga turara shinkafa da matsar man gyaɗa.

Ga roƙonmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa, kowace ikilisiya ta zaɓi matasa biyu ko uku, ta haɗa kowanne da ƙwararren manomi na shekara guda. Mai fili ya ba da aro da rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu. Zumuntar mata, ku da kuka iya adashe, ku ware wani kwasa don jarin farko. Kowane wata a zauna a duba littafi. In gwanin maƙwabcinmu Musulmi ne, a je a koya a wurinsa, kasuwarmu ɗaya ce.

Ku kuma matasa, ku fara da kaɗan. Kaji 20 da suka rayu sun fi 200 da suka mutu. Rance ba kyauta ba ne, ku biya a kan lokaci don na bayanku su samu. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku cikin tallafi, ku fara tambayar dattawa da malamin gona.

Allah ya sa albarka a aikin hannunmu, ya ba mu damina mai kyau.