Keken Ɗinki, Farin Magi, da Rabon Talaka a Takardar Ƙago

'Yan'uwa talakawa maza da mata, teloli da maƙera da masu kayan miya, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Maganarmu ta yau a kan wata takarda ce wadda galibinmu ba mu taɓa gani ba, amma kuwa abubuwa da yawa da muke saye a kasuwa akwai kuɗinta a ciki. Ita ce takardar haƙƙin ƙago. Watau in mutum ya ƙago sabon inji, ko sabuwar hanyar haɗa magani ko abinci, sai ya tafi wurin hukuma ya bayyana yadda abin yake dalla-dalla, a rubuta. Sa'an nan hukuma ta ba shi takarda, ta ce ba mai ƙera irinsa ko ya sayar sai da yardarsa, har waɗansu shekaru ƙidayayyu. Ran da wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa.

To, ku lura, wannan ciniki ne. Mai ƙago ya ba da asirinsa, jama'a kuwa sun bar masa kasuwa shi kaɗai na ɗan lokaci. Tun cikin 1474 birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa doka irin wannan, ya yanka shekara 10. A zamanin nan galibin ƙasashe shekara 20 suke bayarwa, haka ma dokar Nijeriya ta 1970. Rabon talaka a wannan ciniki abu biyu ne: a bayyana asirin, kuma wa'adin ya cika.

Bari mu fara da keken ɗinki, tun da yake ga teloli nan zaune. Cikin 1846 wani Ba'amurke, Elias Howe, ya karɓi takarda a kan keke mai allura wadda kafarta ke wajen tsini, da ƙoshiya irin ta masaƙa mai kai zare na biyu ta ƙarƙashi. Cikin 1851 Isaac Singer ya fito da nasa keken, wanda ya fi daɗin aiki. Howe ya kai ƙara, ya ce an shiga gonarsa, cikin 1854 kuwa ya ci shari'a. Da manyan masu ƙera keke suka ga shari'a za ta cinye su, sai cikin 1856 suka haɗa kai, suka zuba takardunsu a tukunya ɗaya. Daga ran nan duk wanda zai ƙera keke a Amurka sai ya biya su lada a kan kowane keke guda. Wa kuke tsammani ya biya wannan lada? Tela ne, da matar da ke ɗinki a ɗaki. Haka aka zauna har 1877, sa'ad da wa'adin takardar ƙarshe ya cika, sai kuɗin keke ya faɗo ƙwarai. Yau ga keken Butterfly na ƙasar Sin a rumfunanmu, ba wanda ke biyan magadan Howe ko anini. Amfanin wa'adi ke nan.

Yanzu mu koma wajen masu kayan miya. Cikin 1908 wani malamin jami'a a Tokiyo ta ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, ya bincika abin da ke sa romon wani tsiron teku daɗi. Ya tsamo wani sinadari wai shi gulutamet, ya karɓi takarda a kan hanyar haɗa shi. Cikin 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi. Da fari daga alkama ake fid da shi, ana dafa ta da asid mai ƙarfi. Cikin 1956 wani kamfani na Japan, Kyowa Hakko, ya gano waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, in an ba su ruwan rake ko sitacin rogo a cikin manyan tankuna sai su riƙa fid da wannan sinadari da kansu. Ta haka ake yinsa har yau. Takardar Ikeda ta daɗe da mutuwa, shi ya sa masu yinsa suka yi yawa, har talaka ke iya sayen ƙulli guda.

Amma ga abin mamaki. Uwar da ke dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe kwana uku har ta zama daddawa, ita ma ƙwayoyin halitta ne ke yi mata aiki, kuma gulutamet ɗin nan yana cikin abin da ke sa daddawa daɗi. Iyayenmu mata sun riga masu tankuna sanin hanyar da nisa. Ba su da takarda, domin doka ta ce sai abin da yake sabo ake ba takarda. Kada ku ji haushi, wannan ƙa'ida ita ce garkuwarmu, gama abin da jama'a suka sani tun kaka da kakanni ba mai ikon ya ce nasa ne.

An kuwa gwada. Cikin 1994 ofishin takardun ƙago na Turai ya ba wani kamfani na Amurka, tare da ma'aikatar gona ta Amurka, takarda a kan maganin funfunar amfanin gona da ake yi da man 'ya'yan darbejiya. Mutanen Indiya da masu goya musu baya suka tashi, suka kawo shaida cewa a ƙasarsu an daɗe ana wannan aiki. Cikin 2000 aka soke takardar, aka ɗaukaka ƙara, cikin 2005 aka tabbatar da sokewa. Shekara 11 ke nan, kuma shaida ce ta yi aiki, ba ihu ba.

Saboda haka abu uku muke roƙonku. Na fari, maƙerin da ya ƙago sabon injin ɓarar gyaɗa ko na niƙa, ya nemi rajista a Abuja tun bai baje shi a kasuwa ba, domin in kowa ya gani ya tashi daga sabo. Na biyu, 'ya'yanmu masu ilmi su sani dubban takardun da wa'adinsu ya cika suna nan a intanet, da zane da bayani, kowa na iya karantawa ya ƙera. Kuma takarda ba ta da ƙarfi sai a ƙasar da aka yi mata rajista. Na uku, a zauna da tsofaffi a rubuta abin da suka sani na daddawa da rini da jima da magani, a sa kwanan wata, don ran da za a nemi shaida.

Ba mu ƙi mai ƙago ya ci guminsa ba, ya cancanta. Abin da muke tsare wa shi ne kada wa'adi ya zama gado, kada kuma a sayar mana da abin da muka gada. Mu ma mu ƙago namu, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.